Abuja na cika tana batsewa: 'yan sanda nawa, ɗakin tsare mutum nawa za a tanada?

Malam Haruna Kubwa:
Assalamu alaikum jama'a. Ina so mu zauna kan maganar da kullum ake tsallakewa idan ana batun tsaro a Abuja. A ƙidayar 1991 mutanen babban birnin tarayya ba su kai 400,000 ba. A ta 2006 sun haura miliyan 1.4. Cikin shekara 15 ke nan an ninka kusan sau huɗu, wato ƙarin sama da kashi 9 cikin 100 duk shekara. Tun daga 2006 ba a sake ƙidaya ba, wadda aka shirya a 2023 ma an ɗage ta. Taswirar birnin ta 1979 ta yi hasashen mutum miliyan 1.6 zuwa shekarar 2000, iyakar ɗaukar birnin kuma miliyan uku da 'yan kai. To yau ku duba Lugbe, Karmo, Gwagwa, Mpape, Dutsen Alhaji, Kurudu, Jikwoyi. Tambayata: da wane lissafi za a ce ga yawan 'yan sandan da ake buƙata, ga caji ofis nawa, ga yawan wurin kwana a gidan gyaran hali? Ina son masu sani su kawo mana awo, ba ƙorafi kawai ba.

Baba Audu Nyanya:
Wa alaikumus salam Malam Haruna. Kafin a zo kan adadi, a fara sanin wa ake ƙirgawa. Abuja jama'a biyu gare ta, ta rana da ta dare. Duk wanda ya tsaya gadar Nyanya da ƙarfe shida na safe zai ga Mararaba da Ado da Masaka sun kwararo cikin gari, ta ɓangaren Zuba kuma Madalla da Suleja ne ke shigowa. Waɗannan a takarda mutanen Nasarawa da Neja ne, amma aljihunsu a Wuse ake yanka, motar 'yan wan-cans, ɓarayin da ke shigar masu tasi, a Area 1 ko Berger take ɗaukarsu. Idan ka raba 'yan sanda bisa inda mutane ke kwana, tsakiyar gari za ta rasa da rana. Idan ka raba bisa inda ofisoshi da gidajen manya suke, unguwannin gefe za su kwana babu kowa. Kuma wannan na biyun shi ne ke faruwa.

Sai adadin da kowa ke ambata, ɗan sanda ɗaya ga mutum 450, wanda ake dangantawa da Majalisar Ɗinkin Duniya. Wato kusan 222 ga kowane mutum 100,000. Ba laifi a matsayin mafari, amma yana ruɗar mutane. Ga dalili. Shekara tana da awa 8,760. Ɗan sanda mai aikin awa 8, idan ka cire ranakun hutun mako, hutun shekara, kwas, rashin lafiya da zuwa kotu ba da shaida, da kyar zai ba ka kwana 220, wato awa 1,760. Raba ka gani: wuri ɗaya da ake son a riƙe dare da rana mutum biyar yake ci. Kantar caji ofis mai mutum biyu, goma ke nan. Motar sintiri mai mutum huɗu, ashirin. Gadin sel, biyar. Ma'ajiyar makamai, biyar. Ɗakin oba-oba, biyar. Kafin ka sa ko mutum ɗaya a sashen bincike ka ci 45, da mota ɗaya tal.

Saboda haka unguwa mai mutum 100,000 da aka ba ta 222, cire kashi ɗaya cikin uku na masu bincike, masu kula da hanya, masu gabatar da ƙara da na ofis, saura kusan 150. Raba biyar. Mutum 30 ne a bakin aiki a kowace awa. Idan aka ɗebe wasu zuwa gadin banki da rakiyar manya, sai DPO, shugaban caji ofis, ya koma sa yaransa awa 12, wani lokaci 24. Mai bindiga da bai yi barci ba haɗari ne ga kansa da mutanen gari.

Hajiya Rakiya Gwagwalada:
Baba, to ai a Nuwamba 2025 Shugaba Tinubu ya ba da umarnin janye 'yan sanda daga gadin manya. Wannan bai rage matsalar ba?

Baba Audu Nyanya:
Zai rage, 'yata, idan sunayen waɗanda aka janye sun bayyana a jadawalin aikin dibishin, ba a wata runduna ta musamman ba. An sha ba da irin wannan umarni a baya, sai a koma gidan jiya bayan 'yan watanni. Abin dubawa shi ne takardar rabon aiki ta yau da kullum a caji ofis: mutum nawa ne a rubuce, nawa ne suka fito fareti da safe.

Sannan a tuna ɗan sanda ba a sayo shi a kasuwa. Kurtu sai ya yi wata shida a kwaleji, kafin nan an ci wasu watanni wajen tantancewa. Mai shiga makarantar horar da manyan jami'an 'yan sanda ta Wudil shekara biyar yake yi. Mai bincike na kirki kuwa sai ya shekara da shekaru yana bin na gaba da shi. Wanda kake buƙata a 2030, yanzu ya kamata a ce yana cike fom.

Barista Hadiza:
Na gode Baba, lissafin nan ya fito da abu fili. Amma ina so in ja hankalinmu, domin nan ne masu tsari ke faɗawa rami. Duk ɗan sandan da ka ƙara, kame ka ƙara. Kamen nan yana zuwa kotu, daga kotu ya gangara gidan yarin Kuje ko Suleja ko Keffi. Kwata ɗaya ce, idan ka faɗaɗa bakinta ka bar ƙarshenta a tsuke, a gidan wani ruwan zai tsaya.

Kuma yawan wurin kwana a gidan yari ba daga yawan jama'ar gari ake ciro shi kai tsaye ba. Abu biyu ake ninkawa: mutum nawa ake kawowa a rana, da kwana nawa kowannensu yake yi. Misali, a ce kotunan Abuja suna tura mutum 10 a rana. Idan kowa yana yin kwana 180 kafin a gama da shi, a kowace rana akwai 1,800 a tsare. Idan aka rage zaman zuwa kwana 60, mutum 600 ne. Masu laifi ba su ragu ba, 'yan sanda ba su rage kame ba, amma an samu wurin mutum 1,200 ba tare da an sayi bulo ko ɗaya ba.

A faɗin ƙasar nan mutanen da ke tsare sun kai kimanin 80,000, kuma kusan biyu cikin uku masu jiran shari'a ne. Ba a yanke musu hukunci ba. Shi ya sa nake cewa wanda ya ce a gina kafin ya auna kwanakin nan, bai san girman abin da zai gina ba.

Injiniya Bala Kuje:
Barista, ban ƙi lissafinki ba, amma kada a yi amfani da shi a ce ba sai an gina ba. Gidan Kuje an buɗe shi a 1989, an yi shi don mutum 560. Daren 5 ga Yuli 2022 da aka kai masa hari mutum 994 ne a ciki, 879 suka fice. Gida ne mai matsakaicin tsaro, amma an zuba masa 'yan Boko Haram fiye da 60 tare da ɓarayin waya da masu faɗan kasuwa. Na Suleja kuwa ginin zamanin Turawa ne, a Afrilun 2024 ruwan sama da iska kawai suka rushe katanga, mutum fiye da 100 suka gudu. Ko da an sallami duk masu jiran shari'a gobe, katangar da ta ruɓe ta ruɓe.

Barista Hadiza:
Ba mu saɓa a nan ba, Injiniya. Gyaran katanga da raba masu manyan laifuka daban wajibi ne. Inda nake tsoro shi ne a gina mai ɗaukar 3,000 kamar sabon gidan yarin Karshi, majistare ya ji akwai wuri, ya saki hannu wajen tura mutane. Nan da 'yan shekaru shi ma ya cika.

Doka ta riga ta sa awo, bin ta ne babu. Sashe na 35 na tsarin mulki ya ce a kai wanda aka kama kotu cikin kwana ɗaya idan akwai kotu tsakanin kilomita 40, in babu kwana biyu. A Abuja wane caji ofis ne ba shi da kotu cikin kilomita 40? Dokar tafiyar da shari'ar laifuka ta 2015, wadda ita ke aiki a nan, sashe na 296 ya ce umarnin tsarewa kwana 14 ne, a ƙara 14 idan an kawo dalili, daga nan kotu ta kira 'yan sanda da Antoni Janar su yi bayani, a yi ɗagi biyu na kwana 14 kowanne. Jimla kwana 56, bayan haka a saki mutum. Sashe na 376 ya ba ofishin Antoni Janar kwana 14 ya fitar da shawara kan fayil. Sashe na 34 ya ce babban majistare ya riƙa zagaya caji ofis duk wata ya duba sel. Sashe na 7 ya hana kama wani a madadin wani, na 8 ya hana tsare mutum kan bashi ko saɓa yarjejeniya. Ku je sel ɗin kowace unguwa ku ƙirga mutum nawa ne rikicin kuɗin haya ko cinikin fili ya kai su.

Abin da ke ɓata kwanakin a zahiri ƙananan abubuwa ne. An yi wa ɗan sanda mai bincike canjin wurin aiki ya tafi, fayil na cikin durowarsa. Ba a yi kwafin fayil an tura ma'aikatar shari'a ba saboda babu kuɗin hoto. An ba da beli amma an ce mai tsayawa sai ma'aikacin gwamnati mai babban mataki da takardar fili a Abuja, alhali wanda ake tuhuma ɗan ga-ruwa ne daga Zamfara ko Katsina, ba shi da kowa. A takarda an ba shi beli, a zahiri yana Kuje.

Malam Iliya Suleja:
Allah ya saka, Barista. Bari in ƙara wanda ba a cika gani daga waje ba: mota. Fursuna ba ya kai kansa kotu. Kotunan Abuja a warwatse suke, Maitama, Apo, Jabi, Wuse, Kubwa, Bwari, Gwagwalada, Karu, ga kotunan yanki. Idan gida yana da mota biyu ko uku masu lafiya, kuma a rana ɗaya ana neman mutane a kotu goma, dole wasu su kwana. Wanda ba a kai ba, alƙali ya ɗage zuwa wata mai zuwa ko na gaba. Mota ɗaya da ta lalace da mutum 20 a jerinta, idan ɗagin kwana 30 ne, ta haifar da kwanan fursuna 600. Kowace fita kuma tana son direba da masu rakiya ɗauke da makami, waɗanda an ɗebe su ne daga masu tsaron gida.

Sannan kada a ɗauka gida mai ɗaukar 1,000 zai riƙe 1,000. Ƙa'idojin Mandela na 2015, na Majalisar Ɗinkin Duniya kan kula da fursunoni, da dokarmu ta gidajen gyaran hali ta 2019 duk sun ce a raba: mata daban, yara daban, masu jiran shari'a daban da waɗanda aka yanke wa hukunci. Ƙara da mai tarin fuka da dole a keɓe shi, mai taɓin hankali, abokan tuhuma da ba a so su haɗu, da 'yan ƙungiyoyin asiri masu gaba da juna. Ɗakin mata zai iya zama da sauran wuri, ba za ka sa namiji ba. Ga kuma ranakun da kame ke yawa, kamar bayan samame ko zanga-zanga. Shi ya sa masu tsari ke barin kashi 10 zuwa 15 cikin 100 a matsayin rara. Gida mai 1,000, daga 850 zuwa 900 ya cika.

Matan da kotunan Abuja ke tsarewa yawanci Suleja ake kai su, wato wata jiha. Yara kuwa gidajen horonsu na tarayya da aka sani suna Kaduna, Ilorin da Abeokuta. Idan babu wuri kusa, sai a ƙara wa yaro shekaru a takardar tuhuma ya zama 18, a tura shi cikin manya. Duk tsarin da bai fara da mata da yara ba, zai ci gaba da haifar da wannan.

Injiniya Bala Kuje:
Tun da an zo kan gini, ga awon da ƙungiyar Red Cross ta duniya ke amfani da shi a matsayin mafi ƙaranci. Murabba'in mita 3.4 ga kowane mutum a ɗakin haɗaka, 5.4 a ɗakin mutum ɗaya. Ruwa lita 10 zuwa 15 a rana. Masai ɗaya ga mutum 25, wurin wanka ɗaya ga 50. Gida mai 3,000 ke nan yana son masai 120 da ruwa lita 45,000 a rana, wannan ma don a rayu ne kawai, ban da kicin da asibiti da gidajen ma'aikata.

Abin da ke fara mutuwa idan aka cika gida ba gado ba ne, ramin masai ne. Sokawen da aka haƙa don mutum 560 idan ya karɓi na 1,000, watanni kaɗan zai tumbatsa. Ruwan ƙazanta ya bi gindin katanga ya jiƙa harsashi, damina ta zo ta ƙarasa. Daga nan sai ƙazuwa da amai da gudawa. Burtsatse ɗaya kuma ba ya isa, a yi biyu da tankin sama mai riƙe ruwan kwana biyu, famfon ya kasance na sola, domin ranar da babu wuta kuma babu man janareto, ranar ce rikici ke tashi. Taga ta kasance a bango biyu masu fuskantar juna da mafitar zafi a sama. Zafin Maris da Afrilu a Kuje, ɗaki mai rufin kwano da taga ɗaya tanda ce.

Haka sel ɗin caji ofis. Ɗaki mita 4 da mita 5, mutum shida ma da kyar ya ɗauka bisa wannan awo. Yawancin ofisoshin unguwannin gefe gidan haya ne ko ɗakunan da jama'a suka gina, babu sel ɗin mata, babu ɗakin ɗaukar bayani, babu ma'ajiyar kayan shaida. Shi ya sa kake ganin motoci da babura sun cika harabar har bakin titi, suna tsatsa.

Shawarata kan sabon gini: a zana babba, a gina kashi-kashi. Katanga, kicin, ruwa, magudana da asibiti a yi su daidai da girman ƙarshe tun farko, ɗakunan kwana kuma a riƙa ƙarawa ɓangare-ɓangare na mutum 250 zuwa 500 idan alƙaluma sun nuna. Kuma a lissafa ciyarwa. An ƙara kuɗin abincin fursuna daga naira 750 zuwa 1,125 a rana a 2024. Mutum 3,000 a shekara ya haura naira biliyan 1.2, a farashin da kowa ya san ba ya ƙosar da babba sau uku.

Malam Haruna Kubwa:
Injiniya, ka taɓo inda nake so. Fili. A tsarin Abuja kowace gunduma ana ware mata filin makaranta, asibiti, caji ofis da kashe gobara. Abin da ke faruwa shi ne gidaje su riga gwamnati zuwa, filin ya zauna shekaru babu gini, wata rana a wayi gari an canza masa amfani ya zama rukunin shaguna. A unguwannin da suka tashi ba tsari kuwa, tun farko ba a ware ba. Abin da ya dace: duk rukunin gidajen da ya kai wani adadi, kada a sa hannu a taswirarsa sai an cire filin caji ofis da bariki, an yi masa takarda da sunan rundunar, an kewaye shi ko da waya ce. Barikin nan ba alfarma ba ce. Kofur da ke aiki a Gwarinpa yana kwana Masaka, awa biyu zuwa uku yake ci a hanya, kuma idan abu ya tashi da dare ba za ka same shi ba.

Tun da babu sabuwar ƙidaya, akwai abin da za a riƙe: rajistar masu zaɓe ta kowace mazaba, yawan mitocin wuta, yaran firamare, alƙaluman masu rigakafin shan inna da ke bin gida-gida, da ƙirga rufin gidaje ta hoton tauraron ɗan'adam. A haɗa uku a ga inda suka dace. Kuma a yi hasashe uku, ƙarami, matsakaici da babba. Unguwar da ke ƙaruwa kashi 5 cikin 100 shekara 14 take ninkawa, mai kashi 9 shekara 8.

Baba Audu Nyanya:
Kuma kada a auna da yawan kai kaɗai. Bwari, Kwali, Abaji da ƙauyukan Kuje mutanensu ba su kai na cikin gari ba, amma ga daji ga duwatsu, ga iyaka da Kaduna da Neja da Kogi da Nasarawa. Satar mutanen da aka yi a Bwari a Janairun 2024 ta nuna haka. Can awon shi ne minti nawa mota ko babur zai kai, da damina, da dare. A zana da'ira a kan taswira daga kowane ofis, duk ƙauyen da ya faɗa wajen minti 20 yana son ƙaramin ofis da babura da oba-oba mai kamawa. Mota kuma a sa mata kuɗin mai da taya da gyara a kasafi tun ranar sayenta. Idan ba haka ba, mai kawo ƙara ne zai sayi man, wanda ba shi da kuɗi kuma ya haƙura da kai ƙara, sai littafin ofis ya nuna laifi ya ragu alhali mutane ne suka daina zuwa. Kyamarorin da aka ba da kwangilarsu a 2010 kan dala miliyan 470 kowa ya ga yadda suka ƙare a kan titunan Abuja.

Hajiya Rakiya Gwagwalada:
Ni abin da ya tsaya mini, wa ke da alhakin haɗa wannan lissafi? 'Yan sanda na Sufeto Janar ne, gidan yari na ma'aikatar cikin gida, kotu na Babban Joji, fili na ministan Abuja. A 2023 an gyara tsarin mulki jihohi suka samu damar gina nasu gidajen gyaran hali, amma Abuja ba ta da majalisar jiha, Majalisar Tarayya ce ke yi mata doka.

Barista Hadiza:
Hajiya, wurin zaman yana nan a doka. Dokar 2015 ta kafa kwamitin sa ido kan shari'ar laifuka ƙarƙashin Babban Jojin Abuja, da Antoni Janar da 'yan sanda da hukumar gidajen yari da masu ba da taimakon lauya a ciki. Dokar 2019 kuma, sashe na 12, ta ce idan gida ya wuce iyakarsa, kwanturolan gidajen yari na yankin ya sanar da Babban Joji da Antoni Janar cikin mako ɗaya, su kuma suna da wata uku su ɗauki mataki, har ta ba kwanturolan tare da shugaban gidan ikon ƙin karɓar sabon mutum. Abin da kwamitin ke buƙata a gabansa duk wata shafi ɗaya ne: mutum nawa suka shiga, nawa suka fita, matsakaicin kwanakinsu, nawa suka wuce kwana 56, nawa suka wuce 180, nawa ke da beli ba su cika sharaɗi ba, nawa tara ce kawai ta riƙe su, da sau nawa aka kasa kai mutum kotu saboda mota.

Na tarar nan ma ba ƙaramin adadi ba ne. A Nuwamba 2023, a Kuje, ministan cikin gida ya ƙaddamar da sakin mutum 4,068 a faɗin ƙasa bayan an biya musu tarar naira miliyan 585. Kowane mutum kusan naira 144,000 ke nan. Da kuɗin abinci na 2024, kwana 128 kawai zai yi gwamnati ta kashe fiye da tarar a cikinsa. Dokar ta tanadi aikin gayya ga al'umma da ɗaurin talala, amma alƙali ba zai yanke su ba sai ya san akwai jami'in da zai bi mutumin ya kawo rahoto. A sa waɗannan jami'ai a lissafin ma'aikata, kowace ƙaramar hukuma cikin shida.

Malam Iliya Suleja:
Sashe na 12 ɗin nan, Barista, wuyar aiki gare shi. Ɗan sanda ya zo da takardar kotu da yamma, mutum shida a bayan mota, shugaban gida ya ce ba ya karɓa, ina za a kai su? Sel ɗin caji ofis za su koma, inda babu kicin babu asibiti. Sai an yarda tun farko cewa idan gida ya kai kashi 90, ana sanar da majistarori a rubuce, a kawo zaman kotu cikin gidan a makon nan don ƙananan laifuka.

Game da Karshi kuma, Injiniya, kafin a kwashe mutum ko ɗaya zuwa can a duba hanya. Idan sai an zagaya ta Nyanya da Jikwoyi da Orozo da cunkoson safe kafin a kai kotun Apo ko Maitama, motar da ya kamata ta yi sawu biyu ɗaya za ta yi. Ko dai hanyar Apo zuwa Karshi ta zama mai biyuwa rani da damina, ko a gina ɗakunan kotu a jikin gidan da na'urar shari'a ta bidiyo.

Injiniya Bala Kuje:
Ɗakin kotu biyu a jikin katanga ta waje, ƙofar jama'a daban, ƙofar fursuna ta ciki daban, ba zai kai kuɗin ɓangaren kwana ɗaya ba. Malam Haruna, idan za ka iya samo taswirar yankin Karshi da Orozo ka sa mana a nan, zan auna nisan zuwa kowace kotu in fitar da yawan motocin da za a buƙata ta hanyoyin biyu.